Jar Hula Tana Jira, Mai Ita Yana Gadon Asibiti

Matso kusa, ɗan'uwa. Kunnenka nawa? Biyu? To ƙara na uku ka sha labari. Maganar yau ta manya ce, manyan ma masu dogayen riguna. Mu nan Lamashegu an san mu da tsegumin kasuwa da na 'yan siyasa, amma yau cikin coci za mu leƙa. Kada ka ce ina ruwanka. Ruwanka yana nan, don a garin nan aka fara ƙulla abin.

Ka san hanyar Kumbungu? In ka fita Tamale ta can, wajen Malshegu, akwai makarantar St. Victor, inda 'yan Katolika ke horar da masu son zama fada. A 1979 wani saurayi ɗan shekara 20 ya shiga can da akwatinsa. Sunansa Richard Kuuia Baawobr. Ɗan ƙabilar Dagara ne, daga wani ƙauye a ƙasar Nandom, can ƙuryar arewa maso yamma, inda in ka yi tuntuɓe sai ka faɗa Burkina Faso.

Lissafin a bayyane yake. Zai gama karatu, a naɗa shi fada na dayosis ɗin Wa, ya koma cikin danginsa, ya yi musu wa'azi da harshensu har tsufa. Haka tsarin yake. Fada iri biyu ne, ka sani. Akwai na dayosis, wanda ƙasarsa ta riƙe shi, bishop ɗinsa ne ubangidansa har kabari. Akwai kuma ɗan ƙungiyar mishan, wanda ya yi rantsuwa zai tafi duk inda aka jefa shi. Yaron nan a sahun farko ya shiga.

Shekara biyu kacal. A 1981 ya tattara ya sauya sheƙa.

Ina ya nufa? Wajen Fararen Fada!

Tsaya in tuna maka su waye. Wani Bafaranshe, Kadinal Lavigerie, shi ya kafa su a Aljeriya a 1868. Ya sa musu farar jallabiya, da alkyabba, da jar dara, ga carbi rataye a wuya. Ka hango su daga nesa ka ce malaman Magrib ne. Kuma su kansu ba da shiri suka shigo ƙasar nan ba. A Wagadugu suke zaune, gwamnatin Faransa ta ɗaura yaƙi da coci, suka ga zama ba tabbas, suka tsallako ƙasar Turawan Ingila suka sauka Navrongo a 1906. A 1929 suka isa Jirapa. A 1932, shekarar da ake ba da labarin fari da roƙon ruwa, Dagara suka yi ta tururuwa zuwa wajensu. Ke nan yaron da ya je ƙwanƙwasa ƙofarsu jikan aikinsu ne.

To amma ka duba ta ɓangaren mutanen Wa. Sun yi renon ɗa, sun kai shi babbar makaranta, suna ƙirga shekarun da suka rage. Sai ɗan ya ce shi duniya zai shiga. Wa zai ji daɗi? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa. Riƙe wannan karin maganar a aljihu, za mu ga ko ta yi gaskiya.

Daga nan sai yawo. Fribourg a Suwizalan. Landan, shekara biyar yana karatun tauhidin Kirista. Ya dawo gida aka naɗa shi fada ranar 18 ga Yuli 1987, bai ko huta ba aka tura shi Kinshasa, zamanin Mobutu, ƙasar tana amsa sunan Zayar. Shekara huɗu a can. Sai Rum, karatun Littafi Mai Tsarki. Sai Tanzaniya, yana horar da sababbin shiga. Sai Tulus a Faransa. Ɗan Nandom yana koya wa samari aikin mishan da Faransanci a ƙasar Faransawa. Kai, duniya!

A 2004 aka ɗauko shi zuwa hedikwata a Rum, mataimaki na ɗaya ga shugaban ƙungiya. A 2010 aka zauna zaɓe. Sunan wa ya fito? Baawobr. Shekara 142 ƙungiyar tana aiki a Afirka, tana ɗauke da sunan Afirka, amma ba a taɓa ba ɗan Afirka ragamarta ba sai ranar. Mutum fiye da dubu a ƙarƙashinsa, warwatse a ƙasashe masu yawa. Ofis a kan titin Aurelia, tafiya kaɗan zuwa fadar Paparoma. Har cibiyar nan ta Rum da ke nazarin Larabci da Musulunci, wadda Fararen Fada ke kula da ita, tana cikin abin da yake sa wa ido.

Mutumin da ya kai nan, ina kake zaton zai nufa in wa'adinsa ya ƙare? Wata babbar kujera a Batikan, ko ba haka ba? Harsuna a bakinsa, digiri a hannunsa, ya san kowa, kowa ya san shi. Shekarunsa 56, ƙarfinsa bai tafi ba.

Ranar 17 ga Fabrairu 2016 sanarwa ta fito daga Rum. Paparoma Francis ya naɗa shi bishop.

Na ina?

Na Wa.

Wa ɗin nan dai da ka sani. Ta Damongo, ta Sawla, ka sha zaman mota har ƙugu ya ƙage. Dayosis ɗin da ya bari tun yana saurayi, ita aka miƙa masa bayan shekara 35. Gidan bai bar shi ba ashe. Zama ya yi yana jiransa.

A nan ne tsegumin yake, don haka rage murya. Naɗin bishop ba a kasuwa ake yinsa ba. Jakadan Paparoma a Accra, lokacin Akbishop Jean-Marie Speich ne, shi ke bin ƙafa yana tambaya. Takardu na fita zuwa ga wasu zaɓaɓɓun mutane: me ka sani game da wane? Yaya halinsa, yaya riƙonsa da kuɗi? Kuma duk wanda aka tambaya an ɗaure bakinsa da sirrin Paparoma, ko ɗan ɗakinsu ba zai gaya wa ba. A tace sunaye uku, a aika Rum. Ke nan akwai mutane a Wa, akwai a Tamale, da suka yi watanni suna yawo da maganar a ciki, ana gaisawa da su, ana cin tuwo tare, fuska ba ta nuna komai. Su waye? Oho. Har gobe ba mai ɗaga hannu.

Kuma ba a sanarwa sai an tambayi mai abin. Sai ya ce na yarda. Ka ga ke nan yana da damar cewa a'a. Wa'adinsa saura watanni, babban taron ƙungiya yana tafe, ga hanyoyi a buɗe. Ya ce to.

Masu baki ba su rasa abin faɗa ba. Wani zai ce maka ai ragi ne aka naɗe cikin girma: daga shugabancin ƙungiyar duniya zuwa dayosis ɗin da ma ƙarƙashin lardin Tamale take, Akbishop Philip Naameh ne babban yaya a wajen. Wani zai ce a'a, Bishop Paul Bemile na Wa ya haura 75, dole a sami magaji, kuma fada-fadan Wa masu yawa ne, masu ilimi ne, kowa da nasa gwanin, sai a kawo ɗan gida wanda ba ya cikin ɓangaren kowa. Wannan ta biyun ta fi zauna mini. Ɗan ƙasa ne, ba mai cewa baƙo. Amma ya daɗe a waje, ba mai cewa yaron wane ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsofaffin Rum ba sa jefa ƙwallon mangwaro inda ba su auna ba.

Ranar 7 ga Mayu 2016 Kadinal Peter Turkson ya ɗora masa hannu a Wa. Ƙungiyar kuwa ta zaɓi ɗan Zambiya, Stanley Lubungo, ya gaje shi. Ƙofar da ya buɗe ba ta rufe ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko labarin nan tun farko. Mutumin da aka sauko da shi daga bene yakan yi ɗayan biyu: ko ya yi ta waiwayen benen, ko ya mayar da sabon wurin ƙaramar Rum, ya cika shi da taro da takardu. Shi me ya yi? Titi ya fita. Tun a shekarar farko ya tara masu sa kai daga coci-coci, da sistoci, da ma'aikatan lafiya, suka shiga neman masu taɓin hankali da ke kwana a bakin kwata da bayan kasuwa. A ba su abinci. A ba su sutura da magani. Waɗanda danginsu suka sallama, yara ke jifa, manya ke kauce musu. Ka san manyan asibitocin masu wannan lalura na gwamnati guda uku ne a Gana, Accra da Pantang da Ankaful, dukkansu a kudu. Ɗan arewa in kansa ya juye, sai dai sarƙa a ɗakin baya, ko titi.

Mu mutanen Tamale abin bai zo mana baƙo ba. Wa ya manta da Dokta David Abdulai, wanda ake kira Dokta Choggu? Likita ne da ya yi karatu har Turai, ya ajiye aikin gwamnati, ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu a 1991, magani kyauta, motarsa na zagaya gari kullum da abincin masu taɓin hankali. Har shi ma aka riƙa ce masa mahaukaci. Ya rasu a Oktoba 2016. A shekarar da Tamale ta binne nata, a shekarar Wa ta sami nata. Kai ka san yadda za ka fassara wannan.

Ni abin da na lura da shi, cewa "nufin Allah ne" ba ta da wuya ranar da aka ƙara maka girma. Kowa ya iya. Musulminmu da Kiristanmu, duk bakinmu ya saba da ita. Inda ake gane mai tawakkali shi ne ranar da takardar ta zo da sunan garin da bai sa a lissafi ba. Kuma ba a bakinsa za ka gane ba. Sai ka dawo bayan shekara biyu ka ga ko ya kwance kayansa, ko har yanzu suna ɗaure a bakin ƙofa. Wannan bawan Allah ya kwance nasa.

Af, kafin in wuce. Ka san ba shi ne ɗan Nandom na farko da Rum ta yi wa irin wannan ba? Tsofaffin garin nan sun san Peter Poreku Dery. A gidan masu addinin gargajiya ya tashi, aka yi masa baftisma a Jirapa a 1932, ya zama fada a 1951. A 1960 Paparoma John na 23 da hannunsa ya naɗa shi bishop na Wa, na farko. Shi ya nemi izini ya shigar da harshen mutanensa da kiɗan gyil, balafon ɗin nan nasu, cikin sujada. Yana tsakiyar jama'arsa, ana sonsa, coci cike. Sai a 1974 aka ce ya tattara ya koma Tamale. Garin Dagomba, garin masallatai, inda 'yan Katolika ba su taka kara sun karya ba, yawancinsu ma baƙi ne 'yan aiki. Ya zo. A 1977 ya zama akbishop na farko a nan. Ya yi ritaya a 1994, kowa ya ɗauka littafin ya rufe. Shekara 12 yana zaune abinsa, sai Paparoma Benedict ya kira sunansa a 2006. Kadinal, yana da shekara 87! A keken guragu aka ɗaga shi zuwa gaban Paparoma. Ya wuce shekarun jefa ƙuri'a, ƙafa ta gaza, amma hular ta hau kai. Ya rasu nan Tamale ranar 6 ga Maris 2008, kuma yanzu haka maganar sanya shi cikin tsarkaka tana hannun coci.

To koma kan namu. Ranar Lahadi 29 ga Mayu 2022, Paparoma Francis ya leƙo ta tagarsa bayan addu'ar rana, ya zaro takarda, ya karanta sunaye 21 na sababbin kadinal, masu jar hula. Shi haka yake yi, ba ya gaya wa mai abin tukuna, sai dai ka ji wayarka ta ɗauki zafi. Cikin sunayen: bishop na Wa. Ba Accra ba. Ba Kumasi ba, ba Cape Coast ba, ba ma Tamale ba. An tsallake akbishop-akbishop huɗu na ƙasar an sauka kan ƙaramin bishop na ƙurya. Ka ce ba a yi ƙus-ƙus a gidajen manya ba a daren nan? Haba dai. Murna a fuska, wannan dole ne. Abin da ke ƙarƙashin hula kuwa, mai hula ya sani.

Ba a gama wannan ba, ƙarshen Yuli bishop-bishop na Afirka da Madagaska suka taru a Accra suka zaɓe shi shugabansu. Cikin wata biyu, mutumin da aka ce an ajiye a gefe ya zama bakin cocin Katolika na nahiyar gaba ɗaya. Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ka san sauran.

Kuma dubi wanda aka kira tare da shi daga Nijeriya. Peter Okpaleke! Kai, wannan nasa ya fi ƙarfin tsegumi, a fili aka yi shi. A Disamba 2012 aka naɗa shi bishop na Ahiara, ƙasar Mbaise a jihar Imo. Fada-fadan wurin da jama'a suka ce ba su san zance ba. Mu da muka cika ƙasa da fada, a rasa ɗanmu ko ɗaya, sai an ɗauko mana daga Anambra? Aka rufe masa babban coci. Naɗin ma a wajen dayosis ɗin aka yi shi. Shekara biyar yana bishop ba tare da ya zauna kujerarsa ba. A Yuni 2017 Paparoma ya fusata, ya ba kowane fada na Ahiara kwana 30 ya rubuto wasiƙar neman gafara ko a dakatar da shi. Wasiƙu suka tafi, zukata ba su tafi ba. A Fabrairu 2018 mutumin ya ajiye da kansa. Aka ce shi ke nan, an gama da shi. A 2020 aka yanko sabuwar dayosis, Ekwulobia, aka ba shi. A 2022 ga jar hula. Waɗanda suka kulle masa ƙofa suna kallo a talabijin. In wannan ba hannunka mai sanda ba ne daga Rum, to ban san sanda ba.

Aka sa ranar 27 ga Agusta don bikin ɗora hula. Mutanen Gana suka ɗinka ankonsu, suka cika jirgi. Baawobr ya sauka Rum, garin da ya zauna shekara da shekaru, ya san kowane lungu. Sai zuciya ta ce ba haka ba. Aka kwashe shi zuwa asibitin Santo Spirito, nan kusa da dandalin St. Peter, tafiyar ƙafa. Ranar biki, sauran suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya ana ɗora musu hula da zobe, shi yana kwance. Paparoma da bakinsa ya roƙi jama'a su yi masa addu'a. A doka ya zama kadinal, don kiran suna ke naɗawa, ba zuwan mutum ba. Amma ka tuna da 'yan rakiyar da suka taso tun daga Nandom. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wani abin kuma, cikin 21 ɗin akwai tsohon bishop na Ghent a Beljiyam, Lucas Van Looy, da ya roƙi a cire sunansa, saboda ƙorafin yadda ya tafiyar da ƙararrakin cin zarafi a zamaninsa. Aka cire. Wani da ƙafarsa lafiya lau ya ce ba ya so. Wani ya ƙetare teku don ya karɓa, aka tare shi a bakin ƙofa. Kana naka, Allah na nasa.

Aka yi masa aikin zuciya. Daga baya aka mayar da shi asibitin Gemelli. Ranar 18 ga Nuwamba aka sallame shi, ya koma hedikwatar Fararen Fada, gidan da ya taɓa shugabanta. Labari ya iso gida cewa sauƙi ya samu, aka fara maganar ranar dawowa da irin tarbar da za a yi. Ranar Lahadi 27 ga Nuwamba 2022 ya cika. Wata uku cif daga ranar bikin. Shekararsa 63. Bai taka ƙasar Gana da jar hular ba. A Janairu 2023 aka binne shi a babban cocin St. Andrew da ke Wa.

Kujerar ta zauna ba kowa har 2024. Da aka tashi cikewa, wa aka ɗauko? Francis Bomansaan. Shi ma Farin Fada. Shi ma ɗan yankin. Shi ma daga hedikwatar Rum aka kira shi. Ka ga masu cewa ragi aka yi wa na farko sai su sake lissafi, don ba a maimaita abin da aka yi nadamarsa.

Saura ɗaya, kuma wannan tsakanina da kai ne. Paparoma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025. A watan Mayu kadinal 133 suka shiga ɗakin zaɓe aka kulle. Turkson yana ciki. Okpaleke, wanda Ahiara ta kora, yana ciki da ƙuri'arsa. Da Baawobr yana raye, da yana da shekara 65, da shi ma yana ciki. Wa suka fito da shi ranar 8 ga wata? Robert Prevost, Leo na 14. Bincika tarihinsa ka gani. Ɗan mishan ne. Ya shugabanci ƙungiyarsa ta Augustine daga Rum, 2001 zuwa 2013. Da ya sauka, Francis ya ɗauke shi ya jefa Chiclayo, can arewacin Peru, nesa da babban birni. Ya bar shi ya sha ƙura shekara takwas. Sannan ya kira shi, ya ɗora masa jar hula.

Shugaban ƙungiya. Dayosis ta ƙurya. Jar hula. Hannu ɗaya ne ya tura su duka biyun, kusan lokaci ɗaya.

Me tsohon yake shiryawa da ɗan Nandom? Ni dai ban ce komai ba. In ka ji a wani wuri, ba daga bakina ba.